Kafin Jar Fitila Ta Kama

A 'yan shekarun nan da wuya zangon karatu ya ƙare ba mu ji an kira wani daga cikin 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta jami'a zuwa ɗakin ɗaukar murya ba. Wani tallar sabulu za a sa shi ya yi, wata kuwa shirin faɗakarwa ne a kan rigakafin yara, wani kuma a ba shi bakin jarumin fim ɗin Indiya a ce ya sa masa Hausa. Lalle wannan abin farin ciki ne, domin ƙofar sana'a ce ta buɗe wa samari da 'yammata a zamanin da takardar digiri ba ta ba kowa tabbacin aiki. Amma abin da muka lura da shi shi ne, da yawa daga cikin waɗanda aka kira sau ɗaya ba a sake kiransu, su kuwa sai su dawo ɗakin kwana suna cewa darakta ne ya tsane su, ko kuwa wani ne ya yi musu ƙafar ungulu. Mu ra'ayinmu dabam ne. Abin da ke kayar da sabon shiga a ranarsa ta farko ba rashin murya ba ne, domin da ba shi da ita da ba a kira shi ba tun farko. Rashin shiri ne, da rashin sauraro, da kuma zaton da yake yi cewa ɗakin ɗaukar murya ƙanen dandalin wasa ne.

Ya kamata wanda aka kira ya san cewa ba shi ya fara ba. Sashen Hausa na BBC ya soma watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962, kuma a wannan gida ne aka yi wasannin da iyayenmu har gobe suke ba da labarinsu, irin su Zaman Duniya Iyawa Ne na Alhaji Yusuf Ladan, da Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a 2023, Allah Ya jiƙansa. Mutanen wancan zamani a kan zaren rikoda suke ɗaukar magana, in an yi kuskure kuwa sai injiniya ya sa reza ya yanke zaren ya manne shi, ko kuma a koma a sake fitowar tun daga farko tare da duk wanda ke cikinta. Wannan wahala ce ta koya musu zuwa a shirye. Yau kwamfuta ta sauƙaƙa gyara, har ana iya ciro kalma ɗaya tak a sa wata a gurbinta, sai sauƙin ya haifar mana da kasala, mutum ya zo bai ko duba takardarsa ba yana cewa ai injiniya zai gyara. Injiniya yana iya yanke tari, amma ba ya iya sa ma'ana a cikin jimlar da mai faɗarta bai fahimce ta ba.

A nan ne muke so mu daɗe, domin a nan ne Bahaushe yake da wata matsala tasa ta kansa wadda littattafan koyar da wannan sana'a na ƙasashen waje ba su san da ita ba. Rubutun bokonmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha duk rubutunsu ɗaya ne, alhali kuwa a na farko murya sauka take yi, a ta biyu kuma hawa. Kukan yaro da kukar miya haka, ga kuma kuka ta uku wadda ke cikin "da kuka zo". Garin da ake zama cikinsa gajeren wasali gare shi, garin tuwo kuwa dogo. Mai karatu a zuci ba ya damuwa da wannan, domin in ya yi tuntuɓe sai idonsa ya koma baya ya gyara ba wanda ya sani. Mai karatu a gaban makirufo ba shi da wannan gata. Mafi haɗari ma ba sunaye ba ne, 'yan ƙananan kalmomin nan ne da ke gaban aikatau. Ɗauki wannan jimla, alal misali: "Na ce ya tafi." In ka ja wasalin "ya" da murya a sama, labari kake bayarwa cewa mutumin ya riga ya tafi. In ka gajarta shi ka saukar da murya, umarni ka bayar, watau kai ka sallame shi. A cikin wasan da ake tuhumar maigida da korar yaronsa, wannan ɗan bambanci shi ne shari'ar gaba ɗaya, kuma ba abin da ke kan takardar da zai gaya maka wanne marubuci yake nufi, sai abin da ya gabata da abin da ya biyo baya.

Ƙari a kan haka, yawancin rubutun wasannin da ake miƙa wa 'yan wasa yanzu a kan waya aka buga su, baƙaƙe masu ƙugiya duk sun zube. Sai ka ga kasa a inda ake nufin ƙasa, kafa a inda ake nufin ƙafa, bata kuma ba ka sani ba ko ɓata ce ko kuwa "ba ta" ce aka haɗe. Saboda haka shawararmu ta farko ita ce ka nemi takardar tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ka karanta wasan duka, ba wuraren da sunanka ya fito kaɗai ba, sa'an nan ka karanta naka da ƙarfi da fensir a hannu. Ka mayar wa baƙaƙe ƙugiyarsu, ka ja layi a ƙarƙashin wasalin da za ka ja, ka sa alama a inda za ka yi numfashi. Mun ce fensir ne ba biro ba, domin darakta yana iya sauya maka rabin abin da ka shirya, kuma dole takardarka ta karɓi gyara. In an hana ka takardar sai ranar, to ka riga kowa zuwa ka nemi lungu. Duk sunan mutum ko na gari ko na magani da ba ka tabbatar da lafazinsa ba, ka tambaya kafin a shiga, ba bayan jar fitila ta kama ba.

Sai batun makirufo kansa. Mu da muka saba da dandali an horar da mu mu jefa murya har ta kai ga wanda ke zaune a kujerar ƙarshe ta babban ɗakin taro. A ɗakin ɗaukar murya wannan horo shi ne abokin gabanka na farko. Mai sauraron rediyo mutum ɗaya ne, ko mace tana tsintar shinkafa a tsakar gida, ko direba a kan hanyar Funtuwa, ko mai gadi da tsakar dare, kuma rediyon yana kusa da kunnensa. Da shi kaɗai kake magana. Ana cewa gani ya kori ji, amma a nan ji ne ya kori gani, duk abin da fuskarka da hannunka suke yi a dandali sai muryarka ta ɗauke shi. Abin mamaki shi ne murmushi ana jinsa, haka ma ɗaure fuska, don haka kada ka ji kunyar motsa fuska da hannu kai kaɗai a cikin ɗaki kamar mai taɓin hankali, muddin dai ƙafafunka suna nan inda aka kafa su.

Injiniya zai tsayar da kai kamar taƙi ɗaya daga makirufo, watau santimita 15 zuwa 20, kuma yana da dalili. Duk sa'ad da ka ninka tazarar da ke tsakaninka da shi, ƙarfin sautin yakan ragu da kusan desibel 6, in kuwa ka matsa ƙwarai sai muryar ta yi kauri ta cushe. Mai rangaji gaba da baya yana magana, kamar almajiri a gaban allo, zai fito a rediyo tamkar mai shiga ɗaki yana fita. Zai kuma sa wani ɗan zagayayyen kyalle mai kama da rariya tsakanin bakinka da makirufo, don ya tare iskar da ke fita tare da wasu baƙaƙe. Mu Hausawa mun fi kowa bukatarsa, domin harafin "f" namu da leɓɓa biyu muke yinsa, ba da haƙori da leɓe ba kamar na Ingilishi, a bakin wasu ya kusa zama "p", a bakin mutanen Sakkwato kuma "hw". Ka ɗora tafin hannunka a gaban bakinka ka ce "Fatima ta fita da farin fatari", za ka ji iskar da makirufo yake sha. Maganinta shi ne ka ɗan karkatar da bakinka gefe kaɗan, iskar ta wuce ta gefensa. In an ce ka gwada murya don a daidaita na'ura, kada ka tsaya kana ƙirga ɗaya, biyu, uku cikin ladabi, ka karanta wurin da ya fi ko'ina ƙara a cikin rawarka, da irin ƙarfin da za ka yi shi. Kada kuma ka hura makirufo ko ka ƙwanƙwasa shi irin na masu sanarwa a wurin biki, kayan yana da tsada, kuma kunnen injiniya ne a ƙarshensa.

Batun sutura ba ya bukatar dogon bayani. Shadda mai sabon bugu tana da surutu, haka awarwaro da casbi da makullai a aljihu, haka ma takarda in ana juya ta. Ka sa tsohuwar riga mai taushi, ai ba mai ganinka. Ka raba shafukan ka jera su, ka kashe waya ɗungurungum. Kada ka zo da yunwa, domin kukan ciki yana shiga faifai, kada kuma ka cika shi da tuwo har numfashi ya gagare ka. Ruwa marar sanyi shi ne abokin tafiya, musamman da hunturu lokacin da maƙogwaro ke bushewa leɓɓa suna mannewa, in kuwa da azumi ne ka roƙi a sa ka da safe.

Yanzu mu zo ga darakta, wanda shi ne dalilin wannan rubutu. Ɗalibi mutum ne mai son gardama, da ita aka san mu, kuma ba mu ce a daina ba. Amma a cikin ɗakin nan darakta ne kaɗai ya san wasan daga farkonsa har ƙarshe. Shi ya ji yadda wadda ke fitowa a matsayin uwarka ta faɗi nata jiya, lokacin da kai kana aji, shi ya san cewa za a sa kukan kurciya ko ƙarar kasuwa a ƙarƙashin maganarka, shi ya san cewa tallar daƙiƙa 30 ce ba 34 ba. In ya ce ka sake, ba zagi ba ne. Wataƙila babur ne ya yi ƙaho a waje, wataƙila janareta ne ya canja murya, wataƙila kuma ta farkon ta yi kyau yana son ta biyu ne don ya sami zaɓi. Sabon shiga da zarar ya ji "sake" sau uku sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya fara ba da haƙuri bayan kowace jimla, ba da haƙurin nan kuwa lokaci yake ci, kuma sau da yawa hayar ɗakin da awa ake biyanta. In harshenka ya sarƙe, ka yi shiru na ɗan lokaci, ka koma farkon jimlar ka ɗauko ta da irin muryar da ka faro ta, wannan shirun shi ne wurin da injiniya zai sa almakashinsa. In kuwa kai ne kake zaton ka yi kuskure amma ba a tsayar da kai ba, ci gaba, tsayarwa aikin darakta ne. Bayan kalmar ƙarshe kuma ka daskare daƙiƙa biyu ko uku, kada ka saki ajiyar zuciya ko ka tambaya ko ya yi.

Wani abin da ke rikita sabon shiga shi ne irin harshen da daraktoci suke magana da shi. Wani zai ce maka "ƙara gishiri", wani ya ce "ka yi shi kamar kana jin tsoro amma ba ka so a gane". Ba laifi ba ne ka yi tambaya ɗaya gajeriya: da wa nake magana, yana kusa ko yana nesa, me ya faru kafin in buɗe baki? Amsar waɗannan ta fi dogon bayani amfani. Abin da ba ya kyau shi ne ka ce ka gane, sa'an nan ka maimaita abin da ka yi ɗazu daidai wa daida. Darakta ya fi son wanda ya sauya ya zarce, a dawo da shi baya, da wanda aka yi wa magana sau biyar bai motsa ba. Gwajin da ake yi maka ke nan a ranar farko, ko an faɗa maka ko ba a faɗa ba: ba daɗin murya ake aunawa ba, ana duba ko kana juyuwa.

Akwai kuma kunya, wadda tarbiyya ce a gida amma cikas ce a nan. Za a iya haɗa ka da dattijon da ya girmi mahaifinka, a ce shi ne baranka a cikin wasa, ka daka masa tsawa. Ka gaishe shi da ladabi kafin a fara, ka ce Baba a gafarce ni, sa'an nan in fitila ta kama ka daka masa tsawar sosai, domin in ka tausasa ta ka ɓata masa nasa aikin. Sai dai a tuna, makirufo ba ya barci. Ko fitila a kashe take, waɗanda ke bayan gilashi suna iya jin duk abin da ake raɗawa a ciki, kuma ba ɗaya ba ba biyu ba an yi asarar aiki saboda gulmar da aka yi zaton ba mai ji.

Masu shiga aikin fassarar fina-finai, wanda ya bunƙasa a Kano cikin shekarun 2010 har sunan Algaita ya zama sananne a kowane shagon tura fina-finai, su nasu ya fi wuya, domin an ɗaure su da bakin wani. Hotuna 24 ko 25 ne suke wucewa a kowace daƙiƙa, ido kuwa yana saurin kama saɓani, musamman a inda leɓɓa suke haɗuwa, watau wurin "b" da "ɓ" da "m" da "f". In jarumi ya kira mahaifiyarsa da harshen Hindi leɓɓansa sun rufe, ka ce "Inna" za a ga bakin ya yi ƙarya, ka ce "Mama" sai ya zauna. Harshen Hindi kuma a ƙarshen jimla yake ajiye aikatau, Hausa kuwa kusa da farko, don haka inda jarumin ya ɗaga gira ba lalle ne ya dace da inda kalmarka mai nauyi ta faɗo ba. Ka kalli fitowar sau biyu bakinka a rufe, ka lura da inda yake numfashi, ka yi numfashi tare da shi. Muna kuma roƙon sababbin shiga su daina kwaikwayon muryoyin waɗanda suka riga su shahara a wannan fage. Mai asalin muryar yana nan da ransa, in ita ake so shi za a kira.

To, ashe sai bin umarni ke nan ido rufe? A'a. Wuri biyu ne muke ganin wajibi ne ɗan wasa ya buɗe baki, ko da ranarsa ta farko ce. Na ɗaya shi ne inda aka ɓata harshe ko al'ada. Shirye-shiryen faɗakarwa da yawa da Ingilishi ake fara rubuta su a ofis, sa'an nan a juya su cikin gaggawa, sai ka ga an sa tsohuwar ƙauye tana kiran sunan ɗanta na fari gatsau, ko amarya tana ambaton sunan mijinta a gaban surukai, ko an jera kalmomin Hausa a kan ƙashin jimlar Turanci. Mai sauraro ba ya ganin marubuci, muryarka yake ji, kai zai yi wa dariya, saƙon rigakafin kuma ya bi ruwa. Amma akwai yadda ake faɗa. Ba a tsakiyar ɗauka ba, ba kuma a gaban wanda ya kawo aikin ba. Ka bari a tsaya, ka ce Malam, a wajenmu da haka tsohuwa za ta faɗe shi, ko in gwada a ji? In ya ƙi, ka yi nasa da zuciya ɗaya, in da hali a ɗauki naka a ajiye. Haka nan batun karin harshe: ko Kananci ake so, ko Sakkwatanci, ko Zazzaganci, ko irin Hausar barikin da Samanja ya yi suna da ita, a yanke shawara tun farko, kada mutum ya fara wasa yana Bakatsine ya ƙare yana Bakano.

Na biyu shi ne haƙƙinka, kuma a nan ne kunya ta fi cutar da mu. Ɗalibi yakan ji nauyin tambayar kuɗi, ya ce ai dama ce aka ba shi, sai bayan wata shida ya ji muryarsa a tashoshi biyar tana tallar abin da aka ce masa gwaji ne kawai. Tun ran gini ran zane. Kafin ka shiga ɗakin ka san nawa za a biya ka, da awa ne ko da fitowa, yaushe za a biya, a waɗanne tashoshi za a sa, har tsawon wane lokaci, kuma ko za a ambaci sunanka. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta amince cewa mai wasa yana da haƙƙi a kan wasansa, amma doka ba ta hana ka sayar da wannan haƙƙi da hannunka a kan takardar da ba ka karanta ba. Yanzu kuma ga wani sabon abu: da ƙirƙirarriyar basira ana iya ɗaukar muryar mutum a koya wa na'ura, ta riƙa faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa 'yan wasan Amurka suka yi yajin aiki na kwana 118 a 2023. Su suna da ƙungiya mai ƙarfi da lauyoyi, kai kuwa daga kai sai fensirinka. Don haka in ka ga an rubuta cewa ka ba da muryarka har abada, a kowace irin hanya, don kowace irin bukata, ka nemi a soke wannan layi ko a fayyace shi, a rubuta sunan shirin da adadin watannin. Ka karɓi kwafinka mai sa hannun ɓangarorin biyu kafin ka sa abin sauraro a kunne, in kuwa an ce babu takarda, to ko saƙon waya ne a turo maka da sharuɗɗan a rubuce, ka adana shi.